Yadda ake shirin haihuwa idan aljihu ba nauyi

Mai kuɗi yana iya zama har ranar da naƙuda ta kama, sannan ya shiga kanti ɗaya ya kwaso duk abin da ake buƙata. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da wannan dama. Jarinsa shi ne watannin nan tara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci da na magani suka tashi tare, har wanda ke ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya san da kyar yake ganin ƙarshen wata, balle mai sana'ar hannu da sai ya fita ake ɗora tukunya.

Duk da haka, abin da ya fi kayar da gidaje lokacin haihuwa shi ne rashin sanin abin da za a fara saya. Sai ka ga an ɗaure ragon suna a tsakar gida, an kai atamfar fitar suna wurin tela, amma da tsakar dare aka ce a kawo jini leda ɗaya, sai a koma buga ƙofar maƙwabta. Tsarin da zan bi a nan shi ne: abin da ke tsare rai a gaba, abin da ke ciyar da mai jego a tsakiya, abin da idon jama'a ke gani a ƙarshe.

Mataki na farko: a raba kuɗin gida uku tun ciki yana ƙarami

Da zarar an tabbatar da ciki, miji da mata su zauna su biyu, da takarda da biro. Kunya ta al'ada tana hana wasu ma'aurata yin wannan magana, musamman a cikin fari, amma kunyar nan tana da tsada. A rubuta abin da ke shigowa gidan, a cire na abinci da haya, a ga abin da za a iya ajiyewa ba tare da an kwana da yunwa ba. Naira 500 a kullum, cikin wata bakwai, ta zama naira 105,000. Naira 200 a kullum ta zama 42,000. Ba su da yawa, amma ranar da ake buƙatarsu sun fi alkawarin ɗan'uwa.

Abin da aka tara a raba shi uku. Kaso na farko na asibiti ne: awo, gwaje-gwaje, kuɗin mota, da abin da zai iya tasowa ba zato. Na biyu na jego ne: abinci, itace ko gawayi, sabulu. Na uku na suna. Ana iya ɗiba daga na uku a cike na farko, amma na farko ba a taɓa shi don komai, ko da biki ne na ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya.

Idan kina adashi, ki je wurin uwar adashi tun yanzu ki roƙi a sa kwasarki ta faɗo a wata na bakwai ko na takwas. Kwasar da ta zo bayan haihuwa biyan bashi kawai take yi. Kai kuma maigida, kada ka bar kuɗin gaggawa duka a banki. Ka ajiye wani abu a hannu, a wurin da ku biyu kuka sani, domin naƙuda ta fi son dare, lokacin da mai POS ya rufe kuma sabis ya ɗauke.

Mataki na biyu: awo

Wannan shi ne wurin da kuɗi kaɗan ke hana kashe kuɗi mai yawa, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, na farkon cikin mako 12 na farko. Mata da yawa suna jira sai ciki ya fito sosai, wata shida ko bakwai, sannan su je yankar kati. A lokacin an riga an rasa rabin amfanin awon.

A fara da ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, wanda za a iya zuwa a ƙafa ko da ɗan kuɗin adaidaita sahu. A can ake auna hawan jini da nauyi, a duba fitsari, a duba yawan jini, a yi allurar rigakafin tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora, wadda ke kare uwa da jariri, a ba da ƙwayar ƙarin jini da folik asid. Daga wata na huɗu kuma ana ba da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki tambayi gidan sauro mai magani, domin sau da yawa ana raba shi ga masu awo. Idan kin samu ki kwana a ciki, kada a adana shi sai jariri ya zo. Ƙwayar ƙarin jini kuma kada a kora ta da shayi, domin shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukarta.

Akwai tambayoyi huɗu da nake so kowace mai ciki ta yi da bakinta a ranar awo, ko maigida ya yi idan ya raka ta. Mene ne rukunin jinina? Idan aka ce negetif ne, to akwai allurar Anti-D, mai kare jariran da za a haifa nan gaba, da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa idan jinin jaririn fozitif ne, kuma allura ce mai tsada, gara a sani tun da sauran watanni a fara tara kuɗinta. Wane kaya ake so in zo da su ranar haihuwa? Kowane asibiti da jerinsa, a karɓa a rubuce. Ana karɓar haihuwa a nan da dare? Idan abu ya gagara, wane babban asibiti kuke turawa? Amsar ta ƙarshe ita ce za ta nuna muku nawa za ku ware na mota.

Ku kuma tambayi maganar inshorar lafiya. Jihohi suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, kuma akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ke ɗaukar nauyin marasa ƙarfi da aka yi wa rajista. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka ware. Irin wannan taimako ba ya bin mutum gida. Sai an tambaya a sashen awo, an ji ko asibitin da za a tura ku yana ciki, an yi rajista tun kafin ranar. Kuma ko an ce kyauta ne, kada a rushe asusun gaggawa, domin magani yakan ƙare a ma'ajiyar asibiti a rubuto a ce a sayo a waje.

Hoton ciki yana da amfani, amma ba sai kowane wata ba. Wanda ma'aikatan lafiya suka nema shi za a yi. Biyan kuɗi don kawai a ji mace ce ko namiji ba na mai lissafi ba ne.

Mataki na uku: mota da mai ba da jini

Kafin wata na takwas, maigida ya samu mutum biyu masu abin hawa a kusa, mai adaidaita ko mai mota, ya karɓi lambarsu, ya gaya musu a fili cewa zai iya kiransu ƙarfe biyun dare, a kuma yi ciniki tun yanzu. A garuruwa da dama na Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da direbobin da aka horar don kai masu naƙuda asibiti. A leƙa tasha a tambaya. Haka nan a nemi mutum biyu cikin dangi ko abokai masu lafiya da suka yarda za su ba da jini idan an buƙata. Jinin ɗan'uwa ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba a kan wanda za a nema a ƙofar asibiti cikin ruɗewa.

Sannan a bar izini. Idan maigida ɗan kasuwa ne mai tafiye-tafiye ko mai aikin dare, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da duk wanda ke gidan cewa in abu ya taso a tafi asibiti, ba sai an jira shi ba. Abubuwan da ba a jira da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda a gida ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma babu tsimin da ya kai a yi kasada da wannan.

Mataki na huɗu: abincin mai ciki da na mai jego

Ba sai madarar gwangwani da kayan kanti ba. Wake, gyaɗa, awara, ƙwai, busasshen kifi, zogale, rama, alayyahu, gero, da duk ɗan itacen da ke yayi a kasuwa, sun wadatar. Idan watannin cikin sun ratsa kaka, a sayi gero da wake da gyaɗar jego a lokacin, kafin farashi ya hau da bazara. Kayan yajin jego ma, citta, kanumfari, masoro, barkono, a riƙa sayensu kaɗan-kaɗan ranar kasuwa, a daka a wata na takwas.

Mataki na biyar: kayan jariri

Nan ne zuciya ke rinjayar lissafi, musamman a haihuwar fari. Jariri yana girma da sauri, rigar da ta yi masa daidai ranar suna kafin arba'in ta matse shi. Ga kuma 'yan barka, waɗanda mafi yawan abin da suke kawowa riguna ne da sabulu da omo da turmin atamfa. Saboda haka kafin haihuwa a sayi abin da zai kai mako biyu kawai: riguna masu laushi kamar shida, hula biyu, safa, shawul ɗaya ko biyu, tawul, zanin goyo da majanyi. Sauran a jira a ga abin da barka ta kawo, sannan a cike giɓi. In za a saya, a ɗauki mai ɗan girma, da launin da mace ko namiji duk za su iya sawa.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. A Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, wanda ya je ranar da aka fasa dila yakan samu kayan jarirai na auduga da suka fi sababbin leda da ake rataye a kanti inganci. Ki murza rigar a bayan hannunki, in ta yi kaushi ki ajiye ta. Ki duba wuyan ko kai zai shiga ba wahala, ki ja maɓallan ki ga ba za su cire ba. A gida a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge. Kayan aro na yaran yaya ko na maƙwabciya ma haka za a yi musu.

Abu ɗaya nake roƙo a kiyaye: kada a sa kafur a akwatin kayan jariri. Akwai jarirai da yawa a ƙasar nan da jininsu ba ya jure shi, yana jawo musu shawara mai tsanani wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Idan kayan aro ne kuma suna warin kafur, a sake wankewa a shanya har warin ya fita.

Famfas shi ne ramin da kuɗi ke zurarewa a hankali, domin sabon jariri yana iya ɓata takwas zuwa goma a yini. A sayi nafkin na tawul dozin ɗaya da wandon roba biyu ko uku, ko a yayyanka tsofaffin zannuwan auduga da suka yi laushi a kalmashe bakinsu. A yi amfani da su da rana, a bar famfas don dare da fita asibiti. Wanki zai ƙaru, gaskiya ne, kuma wannan aiki ne da bai kamata a bar wa mai jego ita kaɗai ba.

Abubuwan da za a iya tsallakewa gaba ɗaya: gadon jariri mai ado, keken turawa, takalmi, setin mai da hoda da turare, da bulumboti. Sabuwar roba mai faɗi ta isa wanka. Man kaɗanya ko man zaitun ko basilin marar ƙamshi ya isa shafawa. Wurin kwanciya kuwa, shimfiɗa mai ɗan tauri a cikin gidan sauro, a kwantar da shi rigingine, ba filo.

Mataki na shida: jakar asibiti

A haɗa ta da shigar wata na takwas, a ajiye bakin ƙofa. Katin awo a sama. Sai abin da asibitin ya rubuta, wanda yawanci ya haɗa da safar hannu, leda ta shimfiɗawa, audugar mata, auduga, abin ɗaure cibi, sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ƙara zannuwa tsofaffi uku ko huɗu, kayan jariri kala biyu, fitila, da cajar waya. Sayen waɗannan a kemis na cikin gari, ɗaya yau ɗaya jibi, ya fi sayensu a shagon ƙofar asibiti da dare.

Kada a manta da man cibi mai suna kuloheksidin, ɗan ƙaramin bututu ne mai araha. A wanke hannu, a shafa a cibi sau ɗaya a rana, a bar shi a buɗe, kuma kada ya kusanci ido. Ba gashi da tsumma, ba toka, ba man goge baki.

Mataki na bakwai: nono

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a kan ƙirjin uwarsa. Dakashi, nonon farko mai kauri da ɗorawa-ɗorawa, ba a matse shi a zubar. Shi ne rigakafinsa na farko. Daga nan nono zalla har wata 6, ba ruwa ko da a zafin watan Afrilu ne, domin nonon kansa mafi yawansa ruwa ne. Zuma kuma ba a ba yaro sai ya shekara.

Ta fuskar aljihu, jaririn da aka ɗora a kan madarar gwangwani yana shan kimanin kilo 20 a wata shida na farko, wato gwangwani 50 na giram 400. Ka tambayi kuɗin guda ɗaya a kanti ka ninka. Abin da ke faruwa a gidan da ba hali shi ne a fara tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, yaro ya rame, gudawa ta biyo baya. Rubu'in wannan kuɗin in aka sa shi a kwanon mai jego ya fi amfani. Idan nono ya ƙi zuwa ko yaro ya ƙi kamawa, a koma wurin ungozomar asibiti ta duba yadda ake riƙe shi kafin a sayi gwangwani.

Mataki na takwas: jego

Wankan jego yana cin itace, safe da yamma har kwana arba'in, don haka a tanadi itacen ko gawayin tun da wuri, musamman in haihuwar za ta faɗo da damina. Ruwa mai ɗumi da jiki ke iya ɗauka ya wadatar. Tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganyen darbejiya har fata ta saluɓe ba ya ƙara lafiya, kuma wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki ta bi abin da asibiti ya ce. Kunun kanwa kuwa a yi hattara da shi. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Mai hawan jini ta bar shi ɗungurungum. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ya maye gurbinsa. Na san wannan magana tana da nauyin faɗa wa iyaye mata, shi ya sa ya fi kyau a tafi da Hajiya ko Inna awo ko sau ɗaya ne, ta ji daga bakin ma'aikaciya. Mai jegon da ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti za a kai ta a ranar.

Mataki na tara: suna daidai ƙarfi

A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa, yankan suna sunna ce ga mai hali, dabba ɗaya ko mace aka haifa ko namiji, a rana ta bakwai, da sharuɗɗa irin na layya. Tunkiya ko akuya ta isar, ba dole sai rago mai ƙaho ba. Wanda ba shi da hali babu laifi a kansa, ya tambayi malamin unguwarsu ya ji. Mai fili a gida yana iya sayen ɗan madaidaici tun ciki yana wata uku ko huɗu ya yi kiwonsa da dusa da harawa, musamman idan lissafi ya nuna haihuwar za ta zo dab da Babbar Sallah, lokacin da dabbobi ke tsada.

Raɗin suna da safe, da goro da dabino ko alewa, an gama abin da ake buƙata. Rumfa da kujerun haya da mai kiɗa da anko da kalanda, duk ƙari ne. Turmi ɗaya mai kyau ya isa fitar suna. Idan dangin miji da na mata suka ji tun da wuri, daga bakin maigida, cewa bana taron na gida ne, surutun ba ya wuce kwana biyu; bashi kuwa yakan kai yaye ana biyansa. Kuɗin barka da aka samu a rubuta wanda ya kawo, don ranar ramawa, sannan a mayar da rabinsa asusun asibiti.

Wanzami ya yi aski ya tsaya nan, da sabuwar reza da kuka saya da kanku. Cire beli da tsaga da yankan angurya suna jawo zubar jini da cuta, a biya kuɗin yi, a dawo a biya na magani.

Mataki na goma: abubuwan kyauta da ake bari su wuce

Rigakafin yara kyauta ne a asibitin gwamnati. Da haihuwa ana yin BCG ta tarin fuka, da ɗigon shan inna, da ta ciwon hanta. Sai a mako 6, mako 10, mako 14, sannan wata 9 a yi ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara, a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ma a karɓe ta cikin kwana 60 na farko, sau da yawa jami'insu yana zama a asibitin da ake rigakafin. A sa ta a leda tare da katin rigakafi.

A makon farko a riƙa fito da jariri haske kowace safiya a duba idonsa da tafin hannunsa. In sun yi ɗorawa, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko cibi ya yi ja yana wari, asibiti za a nufa, ba shanya shi a rana ko jiƙo ba. Abin da ya rage a asusun farko na irin wannan ranar ne.

Rigakafin mako 6 yana zuwa daidai da gama arba'in, don haka a yi tafiya ɗaya da kuɗin mota ɗaya: a yi wa yaro allura, a auna hawan jinin uwa, a duba ɗinki in akwai, sannan ku tambayi hanyoyin tazarar haihuwa da suka dace da mai shayarwa. Shawarar likitoci ita ce a samu aƙalla shekara biyu kafin wani cikin ya shiga.